Zaure da Cikin Gida: Yadda Za Ka Buɗe Wasanka ga Jama'a Ba Tare da Ka Rasa Sunanka ko Ka Danne na Wani Ba

Ranar da wasanmu na farko ya fito daga maɗaba'a, a wani shagon buga takardu da ke Garki, Abuja, na karɓi kwalayen, na zuba su a bayan mota na nufi Kubwa ina ta murna. Bayan la'asar muka baje katunan a kan tabarma. Yarinyar da ta zana mana hotunan, ƙanwar abokina ce, ɗalibar jami'a, ta ɗauki ɗan littafin ƙa'idojin ta buɗe shafin ƙarshe. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta koma shafin farko, ta sake dawowa. Can ta ɗago kai ta ce, "Yaya, ina sunana?"

Babu shi. Mai ɗab'i ya matse rubutun don ya shiga shafi 16, layuka biyu na ƙarshe suka zube, ni kuma na sa hannu a kan samfurin ban karanta ba. Wata uku ta yi tana zanen jakuna da fatake da huhun goro, wani lokaci da hasken waya idan an ɗauke wuta. Ba ta yi faɗa ba, ta ajiye littafin ta ce ba komai. Wannan "ba komai" ɗin ya daɗe yana cina, kuma shi ya sa na zauna na karanta lasisin da muke aiki da shi, wato takardar izinin amfani da ƙa'idojin wasan wani, layi-layi. Abin da na koya daga nan shi nake son in shimfiɗa wa duk wanda ke shirin fitar da wasan tebur, ko na kati ne, ko na allo da ƙwayar lido, ko irin wanda mutum ɗaya ke ba da labari sauran suna shiga rigar jarumai.

Harkar tana girma a garin nan. A Abuja kamfanin NIBCARD Games yake, wanda Kenechukwu Ogbuagu ya kafa, kuma a 2021 ya ci lambar yabo ta Diana Jones, ɗaya daga cikin manyan lambobin wannan sana'a a duniya. Matasanmu Hausawa da suka taso da dara da lido da Whot su ma sun fara ƙirƙirar nasu, kuma yawancinmu a kan ƙa'idojin da wasu suka buɗe wa jama'a muke ɗora gini. To wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Abin da doka ta riga ta ba ka, da abin da ba ta ba ka ba

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare rubutunka da zanenka tun daga lokacin da ka sa su a takarda ko a kwamfuta. Ba sai ka yi rajista ba, ko da yake Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, NCC, tana karɓar rajistar ayyuka ga mai so, kuma takardarta na amfani ranar da gardama ta tashi. Kariyar rubutu da zane tana ɗaukar tsawon rayuwar mai aikin da shekara 70 bayan rasuwarsa.

Amma dokar ba ta kare tunani zalla ko tsari ko hanyar yin abu. Idan ka ƙirƙiro cewa a jefa ƙwaya biyu a haɗa da makin jarumi, wani zai iya ɗaukar wannan dabarar ya rubuta ta da kalmominsa, ba ka da ta cewa. Kalmominka ne naka, zanenka ne naka. Sunan wasanka kuwa wata doka ce daban ke kula da shi, ta alamun kasuwanci. Yawan rikicin da nake gani tsakanin abokai daga cakuɗa waɗannan ukun yake fitowa.

Mataki na ɗaya: raba zaure da cikin gida

Gidan Bahaushe yana da zaure, inda baƙo zai shigo ya zauna ya sha ruwa ba tare da an tambaye shi daga ina ba. Yana kuma da cikin gida, inda ba a shiga sai da izini. Haka za ka raba wasanka, kuma tun kafin ka zaɓi lasisi za ka yi wannan, domin lasisin buɗewa ba a janye shi. Abin da ka fitar zaure ya fita ke nan.

Ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya. Mu ce wasanka na fatauci ne, ayari ya tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, kowane ɗan wasa yana riƙe da matsayi: madugu, jagaba, uban dawaki. A hannun dama rubuta abin da ka yarda kowa ya ɗauka: yadda ake jefa ƙwaya, yadda ake lissafin guzuri, jadawalin farashin kaya a kowane zango, ƙa'idar ciniki, abin da ke faruwa idan 'yan fashi sun tare hanya. A hannun hagu rubuta abin da ka riƙe: sunan wasan, tambarinsa, zanen kwalin da launukansa, hotunan katuna, taswirar da aka zana maka, sunayen jaruman da ka ƙirƙiro da labarin kowanne.

Daga nan sai aikin da mutane ke ƙyuyar yi. Ka fitar da kundi na daban wanda ƙa'idoji kawai ke ciki, ka bi shi ka tsince duk sunan da ke hannun hagu. Inda littafinka ya ce "takobin Madugu wane", a kundin ka mayar da shi "takobin madugu". Kada ka raina wannan tsintar. Lokacin da kamfanin Wizards of the Coast ya saki kundin ƙa'idojin wasansa na ba da labari, Dungeons & Dragons, a ƙarƙashin lasisin buɗewa na Creative Commons a 2023, masu karatu sun tarar da sunayen da kamfanin ya daɗe yana karewa, irin su Strahd, sun saura a cikin misalai. Kamfani mai tarin lauyoyi ke nan. Kai ka ba mutum biyu su karanta maka, ɗaya wanda ya san wasan, ɗaya wanda bai taɓa ganinsa ba.

Mataki na biyu: zaɓen lasisi

Uku ne za ka fi cin karo da su.

Na farko shi ne Open Game License, OGL, wanda Wizards of the Coast ya fitar a 2000. Shi ya kawo wannan rabon gida biyu cikin harkar: akwai abin da aka buɗe, akwai abin da ke nuna asalin haja wanda mai shi ya keɓe. A kansa kamfanin Paizo ya gina wasan Pathfinder da ya fito a 2009. A watan Janairun 2023 wani sabon daftari ya ɓulla wanda ke nuna kamfanin na son soke tsohon lasisin. Masu ƙirƙira suka yi ca, kamfanin ya ja da baya, ya bar tsohon a yadda yake. Amma zukata sun riga sun sosu, domin kowa ya gane cewa takardar kanta mallakar kamfani ɗaya ce.

Na biyu Creative Commons, wanda ba na wasa kaɗai ba ne, zubinsa na 4.0 ya fito tun 2013. Samfurin CC BY yana cewa ɗauki, gyara, sayar, amma ka ambaci mai shi. CC BY-SA ya ƙara da cewa abin da ka gina a kai shi ma ka buɗe shi da irin lasisin. Akwai mai NC da ya hana kasuwanci, da mai ND da ya hana yaɗa abin da aka sauya. Ina roƙon 'yan'uwana su guji ND. Fassara ma sauyi ce a idon lasisin, wato idan wani a Maraɗi ya so ya mayar da wasanka Faransanci, ko wani a Mambila ya so Fulatanci, ka rufe masa ƙofa. Mu da muka daɗe muna jiran a fassara mana abubuwa bai kamata mu yi wa wasu haka ba. Abin lura shi ne Creative Commons bai san rabon zaure da cikin gida ba: duk abin da ke cikin kundin da ka liƙa masa lasisin ya buɗu. Abin da ya ware a fili shi ne alamar kasuwanci, wadda ya ce ba ta cikin abin da aka bayar.

Na uku ORC, wanda Paizo ya jagoranci samar da shi a 2023 bayan waccan hatsaniya. An rubuta shi don wasanni, yana buɗe ƙa'idoji, yana barin suna da zane da labari da jarumai a hannun mai su sai in shi ya ce ya bayar, kuma yana wajabta wa wanda ya ɗauka ya buɗe nasa ƙa'idojin.

Idan a kan aikin wani ka yi gini, lasisinsa ne zai yi maka jagora, ba ka da zaɓi mai yawa. Idan kuwa komai naka ne, ni dai CC BY 4.0 nake ba da shawara a kan kundin ƙa'idoji da aka tsince da kyau. Gajere ne, an san shi ko'ina, kuma lauyan da ke Wuse zai gane shi ba sai ka yi masa tarihin wasanni ba.

Mataki na uku: takarda tsakaninka da masu aiki

A nan zan daɗe, domin a nan zumunci ke lalacewa.

Ba za ka iya buɗe abin da ba naka ba. Ka biya mai zane kuɗinsa ta waya, ya turo maka hotuna, kana ganin magana ta ƙare. A doka ba ta ƙare ba. Haƙƙin aiki yana farawa ne a hannun wanda ya yi shi, kuma mayar da shi hannun wani sai a rubuce. Ko ya sayar maka da shi gaba ɗaya, haƙƙinsa na a ambaci sunansa yana nan tare da shi, kuɗi bai saye shi.

Mun saba da cewa takarda tsakanin 'yan'uwa alamar rashin yarda ce. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Shafi ɗaya ya isa. A rubuta abin da mutum zai yi da abin da za a biya shi. A rubuta ko ya sayar da aikin ne ko izinin amfani ya bayar, kuma izinin ya haɗa da bugu na gaba da talla a Facebook da Instagram ko a'a. A rubuta a fili ko ya yarda aikinsa ya shiga kundin da za a buɗe, da sunan lasisin, bayan ka yi masa bayanin cewa wani a wata ƙasa zai iya sayar da shi bai ba shi ko sisi ba. Mutane da yawa suna cewa "na yarda" ba su san wannan ba, ranar da suka gani kuma kai za su riƙe.

Sai layin da na fi ba muhimmanci: ya rubuta da hannunsa yadda yake son sunansa ya fito. Wani sunan yanka da na mahaifi yake so, wani laƙabin da aka san shi da shi a intanet. Akwai mata da ba sa son cikakken sunansu a kwalin da zai zagaya kasuwa, akwai kuma ma'aikacin gwamnati da ba ya son ofis ya san yana wannan harkar. Tambaya za ka yi, kada ka yanke wa kowa. Kuma ka kula da ƙugiyoyin haruffa, ɓ da ɗ da ƙ. Nau'in rubutu da yawa ba su da su, sai ka ga akwati a tsakiyar sunan mutum. Andika da Charis da Noto duk suna da su, kuma kyauta ne a ƙarƙashin OFL, lasisin buɗewa na nau'in rubutu.

Buɗe littafi tun ranar farko ka riƙa rubuta kowa: wanda ya rubuta ƙa'ida, mai zane, mai tsara shafi, mai fassara, mai gyaran rubutu, da masu gwaji. Masu gwajin nan su aka fi mantawa. Mutumin da ya baro Nyanya cikin cunkoson yamma ya zo ya zauna awa uku yana buga wasan da bai gama nuna ba, har ya gano maka cewa duk wanda ya fara sayen gishiri shi ke cinyewa, ya yi maka aikin da kuɗi bai biya. Idan yara ne suka gwada, nemi izinin iyayensu kafin ka buga suna, ko ka ce "ɗaliban wata makaranta a Kubwa" ka tsaya nan.

Akwai kuma masu haƙƙin da ba su da suna. Idan ka ɗauko Gizo da Ƙoƙi, ko kacici-kacici, ko tsarin dara, ka sani dokar ta ware sashe na musamman ga kayan gargajiya, ta ɗora kula da su a kan NCC, kuma tana son a faɗi al'ummar da abin ya fito. Kada ka sa Gizo cikin abin da ka keɓe wa kanka. Zanen Gizon da aka yi maka naka ne, Gizo kuwa na kakanninmu ne. Idan wata tsohuwa ce ta ba ka tatsuniyar, je ka gaishe ta ka ce, "Iya, in sa sunanki?"

Mataki na huɗu: rajistar suna

Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ba ita ce rajistar alamar kasuwanci ba. Ta farko tana ba ka damar buɗe asusun banki da sunan. Ta biyu ce ke hana wani buga sunan wasanka a kwalinsa, kuma ofishinta yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a nan Abuja.

Ana fara da bincike a ga ko wani ya riga ka. Sai a shigar da buƙata, a ba ka takardar shaidar karɓa, in an duba an gamsu a ba ka ta amincewa, sannan a buga alamar a mujallar ofishin. Duk mai ƙorafi yana da wata biyu. In ba a samu ba sai satifiket. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma shekara 14 kowane zagaye. Aji-aji ake yi, kowane aji da takardarsa: aji na 28 na wasanni ne, na 16 na littattafai da kayan ɗab'i, na 9 ya ƙunshi abin da ake saukewa a waya, na 41 na nishaɗi da taruka. In kuɗinka na aji ɗaya ne, fara da 28. Yawanci ta hannun lauya ko wakili mai izini ake bi. Rajistar a Nijeriya kawai take aiki, ba ta kai Nijar ko Ghana.

Zaɓen sunan ma da dabara. Dokar ba ta son sunan gari zalla ko kalmar da ke bayyana hajar kai tsaye. "Wasan Fatauci" ko "Gwanja" za su ba ka wahala. Kalmar da ka ƙirƙiro, ko haɗin kalmomi da tambari na musamman, ta fi saurin wucewa kuma ta fi sauƙin karewa.

Mataki na biyar: shafin ambato

Shafi guda, abu huɗu. Na farko masu aiki, kowa da abin da ya yi. Na biyu abin da ka aro. A CC BY ana son sunan aikin, mai shi, inda aka samo shi, sunan lasisin da adireshinsa, da bayanin cewa ka yi sauyi. Ga yadda nake rubutawa:

"Wannan wasa ya ƙunshi ƙa'idoji daga kundin kaza, na wane, wanda ake samu a adireshi kaza, a ƙarƙashin lasisin CC BY 4.0. Mun fassara su zuwa Hausa, mun kuma sauya tsarin lissafin guzuri."

Idan mai kundin ya ba da takamaiman jimlar da yake so, kwafe ta yadda take, ko da Turanci ce, ka sa Hausar a ƙasa. A OGL kuwa dole ka buga lasisin gaba ɗaya a littafinka, ka kwafe duk abin da ke sashe na 15 na kowane littafin da ka ɗiba, sannan ka ƙara naka a ƙarshe. Kamar salsala ce, ba a tsallake kaka. Lasisin ya kuma hana ka yin talla da sunan wanda ka ɗauki aikinsa sai da izininsa a rubuce. Ambato daban, talla daban.

Na uku abin da ka buɗe, na huɗu abin da ka riƙe, da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ce "da sauransu". Ƙananan alamomin da aka sauko da su daga intanet su ma suna da masu su, kowanne a bi shi.

Mataki na shida: ba wa masu gini a kanka hanya

Wanda ya rubuta sabon zango don wasanka yana buƙatar ya gaya wa masu saye cewa da wasanka ake bugawa. In ka hana shi sunan kwata-kwata, buɗewar ba ta da amfani. Waɗanda suka ƙirƙiro wasan Blades in the Dark sun warware wannan da tambari na biyu, Forged in the Dark, wanda masu gini a kan ƙa'idojinsu ke sawa. Yi irin haka: ƙaramin tambari daban da naka, da sharuɗɗa kaɗan. Sunan wasanka kada ya zama taken littafinsu, su rubuta cewa ba kai ka fitar ba, kuma kana da ikon janye tambarin daga abin da ya saɓa wa tarbiyya. Wannan na ƙarshen yana da nauyi a wajenmu. Har yanzu iyaye da yawa in sun ga kati da ƙwaya caca suke tunawa, kuma mun sha wuya kafin wasu makarantu su bar mu mu shiga da kwali. Ba za ka hana wani ɗaukar buɗaɗɗun ƙa'idojinka ya yi wasan kuɗi da su ba, amma za ka hana shi rataya sunanka a kai.

Idan an yi kuskure

In ka ga wani ya ɗauki aikinka bai ambace ka ba, ɗauki hoton shaida da kwanan wata, ka aika masa saƙo cikin mutunci da ainihin jimlar da kake son ya sa. Yawancinsu rashin sani ne. CC BY 4.0 da OGL duka suna ba mai laifi kwana 30 ya gyara daga ranar da ya sani. In ya ƙi, sai takardar lauya, sannan ƙorafi ga shafin da yake sayarwa ko ga NCC. Kada ka fara da tona shi a Facebook, harkar ƙarama ce, gobe a tebur ɗaya za ku zauna.

In kuwa kai ne mai laifin, kada ka jira bugu na biyu. Mu abin da muka yi shi ne muka koma Garki aka buga mana ƙananan takardu masu gam ɗauke da sunanta da aikinta, muka zauna dare biyu muna buɗe kwali ɗaya-ɗaya muna liƙawa a shafin ƙarshe. Waɗanda suka riga suka saya muka bi su da saƙo, muka gyara kundin da ke intanet a ranar. Ita da kanta ta zo dare na biyu ta taya mu, tana daidaita kowace takarda da gefen katin cirar kuɗi don kada ta karkace. Yanzu duk samfurin da mai ɗab'i ya miƙo mini, daga shafin ƙarshe nake fara karantawa, da littafin sunaye a buɗe a gefena, ina bi da biro ɗaya bayan ɗaya kafin in sa hannu.